Tsamiya, Jigo da Baƙin Bunsuru: Me Alamomin Maguzanci Suke Nufi?

Wani ɗalibi ya aiko da tambaya yana cewa tun yana yaro kakarsa take hana su zama a gindin tsamiya idan rana ta take tsaka, kuma ya sha jin ana cewa baƙin bunsuru da jan zakara kayan tsafi ne, har wani abokinsa ya taɓa gaya masa cewa dagin Arewa ma alamar arna ce. Yana so ya san ko Maguzawa suna da alamomin addini irin waɗanda ake nunawa na tsoffin Misirawa, kuma mene ne ma'anar kowace a wurin masu ita.

Malam, tambayarka tana da kyau, amma sai an ɗan gyara mata zama kafin ta amsu. Wanda ya saba ganin jerin zane-zane a intanet, kowane da fassararsa a ƙasa, wannan yana nufin rai, wancan yana nufin kariya, zai zaci kowane addinin gargajiya haka yake. Maguzanci ba haka yake ba. Maguzawa ba su shahara da sassaƙa gumaka ba kamar yadda Yarbawa suka shahara, ba su kuma bar wani rubutu na alamomi ba. Alamominsu su ne wurare, da itatuwa, da launin dabbar yanka, da kayan da ɗan bori yake ɗauka idan iska ta hau shi. Kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke da ma'ana ita kaɗai. Kowace tana nuna wata iska ce ta musamman, da abin da ke tsakaninta da mutanen da suke mata hidima.

Dalilin haka yana cikin aƙidar kanta. Joseph Greenberg, wani mai bincike ɗan Amurka wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya tarar sun yarda akwai Allah, shi ne ya halicci kome, amma ba sa yi masa yanka, domin a ganinsu ya yi nisa da hidimomin yau da kullum. Waɗanda suke kusa, masu kawo ciwo da waraka, da albarkar gona da asararta, da haihuwa da ɓari, su ne iskoki. Sunan kansa ya bayyana matsalar: iska ba a ganinta, sai dai a ga motsin ganye. Wanda yake so ya yi magana da abin da ba ya gani dole ya san inda zai same shi, ya san abin da yake ci, ya kuma san sunan da yake amsawa. To, aikin alama ke nan a Maguzanci. Itaciya ko dutse ko suri masauki ne, launin dabba shi ne abincin mai masaukin, kirari kuwa shi ne sallama.

Mafi tsufan bayanin da muke da shi yana cikin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci aka kammala a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Ya kamata a karanta shi da sanin cewa Musulmi ne ya rubuta, ɗaruruwan shekaru bayan abin da yake ba da labari, shi ya sa har yake auna lokacin tsafin da ranakun Idi biyu. Duk da haka siffar da ya bayar a fili take. Barbushe, shugaban masu tsafin Kano, yana zaune a kan dutsen Dala, ba ya saukowa sai sau biyu a shekara. Abin bautar, Tsumburbura, yana tattare da wata itaciya da ake kira Shamus, wadda aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. Idan lokaci ya yi mutane sukan taru daga kowace kusurwa, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru, shi kuma ya shiga da dare, ya fito ya gaya musu abin da zai faru a shekarar. Akwai kuma kurmin Jakara, mai baƙin ruwa, wanda aka ce itatuwansa ba sa motsi sai idan wata masifa tana tafe.

Ka lura da abin da ke cikin wannan labari da abin da babu. Babu siffar Tsumburbura. Ba a ce yana da kai kaza ko hannu kaza ba. Abin da aka bayyana shi ne katanga, da wanda aka yarje wa ya ƙetare ta, da launin abin da ake kawowa. A nawa karatun, katangar ta fi itaciyar muhimmanci, domin ita ce take raba wurin da kowa zai taka da wurin da ba a takawa, kuma wanda yake da ikon shiga shi ne yake da ikon faɗa wa gari makomarsa. Sarakunan Kano sun fahimci haka sarai, shi ya sa rigimarsu da masu tsafin ta kasance a kan wurin ne. Sarki Tsamiya, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1307 zuwa 1343, ya fasa katangar. A zamanin Yaji, daga 1349 zuwa 1385, da Wangarawa suka zo daga Mali, a gindin itaciyar aka gina masallaci. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, aka sare ta bisa umarnin Shehu Magili, aka gina hasumiya a gurbinta. Kusan shekara 150 ke nan ana jan wannan magana, kuma a kowane mataki ba a bar wurin ba, mai masaukin aka sauya.

Abin da Shamus take ga gari, shi jigo yake ga gida. Jigo wani itace ne mai rassa a kai da Bamaguje yake kafawa a gidansa, a gindinsa maigida yake yanka wa iskokin da ya gada daga ubansa, gabanin shuka, da bayan girbi, da lokacin aure ko ciwo. Jinin na iska ne, naman kuwa mutanen gida ne suke ci. Ba wanda yake cewa itacen ne yake ba da hatsi, kamar yadda ba wanda yake cewa ƙofar fada ce sarki. Wuri ne da aka san idan an zo za a sami mai shi. Kalmar nan ita ce dai muke amfani da ita idan mun ce wane jigo ne a gidansu, ko muka tambayi jigon waƙa, wato abin da sauran suka jingina da shi. Gadon nan da ake wa yanka shi ake kira kan gida, kuma sau da yawa yakan zo da wata halitta da 'yan gidan ba sa kashewa, ba sa kuma cin namanta. Haramcin bai shafi maƙwabci ba. Abin da wannan gida yake tsoron taɓawa, gidan gaba yana iya farautarsa ba tare da wani ya ce ya yi laifi ba, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ma'anar ba a jikin dabbar take ba, a cikin alkawarin da kakanni suka ƙulla take.

Batun launi shi ne mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. An raba iskoki gida biyu, farfaru da babbaƙu. Farfaru su ne na cikin gari, ana ɗaukarsu Musulmi, sun fi sauƙin sha'ani. Babbaƙu na daji ne, arna ne, sun fi zafi da wuyar lallashi. Malam Alhaji, wanda yake dattijon malami ne a cikin iskoki, fari yake so, a tufa da kuma dabbar yanka. Kure ja yake so. Doguwa kuwa akwai fara akwai baƙa, kowace da dabba mai launinta. Saboda haka idan ka ga boka ya ce a kawo baƙar akuya, ba wai baƙi yana nufin sharri ba ne a karan kansa, yana faɗin wadda za a kai wa ne, kamar yadda ake rubuta suna a bayan wasiƙa. Kai wa iska launin da ba nata ba daidai yake da kai saƙo gidan da ba a aike ka ba. Baƙi yana tafiya da daji da dare da ƙarfin da ba a horar ba, amma manomi ya san baƙin hadari shi ne mai ruwa, kuma mutanen Barbushe da suke kawo baƙaƙen dabbobi alheri suke nema wa garinsu. Abin lura kuma shi ne, wannan rabo na farfaru Musulmi da babbaƙu arna ba zai yiwu ya girmi zuwan Musulunci ba. Maguzancin da masu bincike suka tarar a ƙarni na 20 ya riga ya yi ɗaruruwan shekaru yana maƙwabtaka da masallaci, har ya ba malami gurbi a cikin iskokinsa.

Idan akwai halitta ɗaya da take yawan dawowa, to maciji ne, kuma kusan kullum tare da ruwa. A Daura macijin rijiyar Kusugu ne yake hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya kashe shi ya auri Daurama. Rijiyar tana nan har yau ana ziyartarta. A Tarihin Kano jan maciji ya fito a labarin fasa katangar Tsumburbura, ya sake fitowa a labarin Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, lokacin da yaƙin Zazzau ya gagare shi ya koma wurin masu tsafi, suka sa ya sari reshen itaciyar, ya kashe macijin da ya tarar, aka yi huffi da fatarsa, aka kuma sassaƙa ganguna da reshen. A bori akwai Danko, wanda idan ya hau mutum sai ya riƙa jan ciki, akwai kuma Gajimare da ake dangantawa da bakan gizo, wanda ake cewa yana shanye ruwan sama. A ƙasar da rayuwa ta rataya a kan damina ta 'yan watanni da rijiya mai zurfi, ba abin mamaki ba ne mai tsaron ruwa ya zama abin tsoro da girmamawa a lokaci guda, tun da shi ne yake bayarwa, shi ne kuma yake hanawa.

Amma idan hoto kake nema na gaske, wato inda ake ganin kamannin iska da ido, to ba a jikin bango yake ba, a jikin mutum yake. Wanda aka yi wa girka, wato aka shigar da shi bori, ya zama doki, mace kuma goɗiya, iska kuwa ita ce mahayi. Idan mai garaya ko mai goge ya kaɗa taken wata iska aka yi mata kirari, sai ta hau, daga nan 'yan kallo ba sa bukatar a gaya musu wanda ya zo. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da turare da caca, yana rabar da abin hannunsa ba lissafi. Malam Alhaji yana tafe a sunkuye da tari irin na tsufa, yana jan carbi. Kuturu yakan dunƙule yatsu yana korar ƙuda. Sarkin Rafi yakan yi tsalle ya faɗo da mazaunai, abin da ake kira jifa. Inna, wadda ake ɗauka Bafilatana ce, nono ne abincinta. Kowannensu yana da tsere, wato kayan da suke nasa, waɗanda dokin yake ajiyewa yana kula da su, kuma idan iska ta gama abin da ya kawo ta, atishawa ce alamar saukarta. Sandar da take tsere a hannun ɗan bori, a kasuwa sanda ce kawai. Girka da yanka ne suka mai da ita ta wani.

Duk wanda ya dubi wannan jerin zai ga cewa ƙasar Hausa ce take kallon kanta a madubi. Fremont Besmer, wanda ya yi nazarin borin Kano, ya rubuta yadda 'yan bori suke siffanta Jangare, birnin iskoki, da gidaje 12 ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulaimanu, da sarautu da auratayya da riƙon 'ya'ya tamkar kowace masarauta. Akwai basarake, akwai malami, akwai makaɗi, akwai Bafilatani, akwai musaki. Da Turawa suka zo su ma aka ba su gurbi: a wajen 1925, a yankin Filinge na Nijar, wasu iskoki suka ɓulla masu fareti da ba da oda irin na sojan Faransa, waɗanda ake kira Babule ko Hauka, har hukumar mulkin mallaka ta kama masu yinsu. Alamar da aka ƙirƙira a ƙarni na 20 daga kakin soja ba za a ce tana ɗauke da wani sirri na tun fil azal ba, amma a wurin masu ita ba ta gaza ta Tsumburbura ƙarfi ba. A Nijar ɗin dai, inda ake kiran masu wannan addini Azna ko Anna, ya fi daɗewa a sarari, musamman a Lugu ta ƙasar Arewa kusa da Dogondutsi, mazaunin Sarauniya, wadda ɗaya daga cikin masu riƙe da sarautar ta yi fito-na-fito da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. A can akwai dutsen Tunguma da ake tambaya idan magana ta rikice.

Labarin da ya fi kowane bayyana abin da nake nufi shi ne na Dirki. Tarihin Kano ya ce an fara shi a zamanin Muhammadu Zaki, daga 1582 zuwa 1618. Wani abu ne da aka naɗe da fatu, ana yanka masa shanu don tsaron gari, kuma sarakuna Musulmi suka yi ta gadonsa kusan shekara 200. A zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, wanda ya yi mulki daga 1781 zuwa 1807, hakimai suka nemi shanu 40 don Dirki, ya ƙi bayarwa, da suka matsa sai ya fusata ya aika samari da gatura suka fasa shi. Abin da aka tarar a ciki Alƙur'ani ne. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Littafin da ya zo don ya kawar da tsafi, da aka rufe shi aka daina karanta shi aka koma zuba masa jini, sai ya zama tsafi a aikace, alhali ko wasali ɗaya bai sauya a cikinsa ba. Idan abin da ke ciki ne yake yanke hukunci, Dirki ya fi kome tsarki a Kano. Idan kuwa abin da ake yi masa ne, to bai bambanta da jigon Bamaguje ba.

Malaman jihadi a kan aikin suka tsaya. Abin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta suka kafin 1804 da bayanta shi ne mutum ya yi kalmar shahada, ya yi salla, sannan ya je ya yi yanka ga itace ko dutse. Ba a sare kowace kuka da tsamiya a ƙasar Hausa ba, ba a kuma hana kiwon baƙin bunsuru ba. Har muhawarar da aka yi ta wasiƙu tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Alkanemi na Barno a kan wannan gaɓa ta tsaya: Alkanemi yana ganin irin waɗannan ayyuka saɓo ne na jahilci da ake samu a ƙasashen Musulmi da dama, Sakkwato kuma tana ganin sun kai ga fitar da mai yinsu daga addini. Dukansu biyu a kan hukuncin aikin suka saɓa, babu wanda ya ce itaciyar ce mai laifi.

Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta nuna wannan fahimta a aikace ta hanyar da nake ganin ta fi kowace hikima. A Gobir, mai riƙe da sarautar Inna ita ce shugabar mata kuma uwar bori, malfa kuma tana cikin alamomin muƙaminta. Da Nana ta kafa tsarin 'yan taru don karantar da matan karkara, sai ta riƙa naɗa shugabanninsu, waɗanda kowace ake kiranta Jaji, da malfa da jan ƙyalle. Matan ƙauye sun riga sun san cewa mace mai malfa mai magana ce da ake saurara, don haka ba a bukaci a yi musu dogon bayani ba. Abin da ya sauya shi ne maganar da take tafe da ita, daga ta iskoki zuwa ta tsarki da salla da tarihin Annabi.

Da wannan ma'auni za ka amsa wa abokinka batun dagi. Dagi ado ne na magina da maɗinka da dukawa, ana ganinsa a bangon fada da gaban riga da jikin jaka, kalmar kuma tana nufin tafin ƙafar zaki ko kyanwa. Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta ɗauke shi tambari, daga nan ya zama alamar yankin baki ɗaya. Ba a yi masa yanka, ba shi da kirari a bori, ba tseren wata iska ba ne. Wanda ya ce alamar tsafi ce, sai ka tambaye shi wace iska ce mai shi da kuma abin da take ci.

Tsamiyar kakarka kuwa maganarta daban ce, domin ita tana da asali a abin da muka tattauna. Tsamiya da kuka da suri da juji da mararraba su ne wuraren da aka daɗe ana cewa iskoki suna sauka, tsakar rana da almuru kuma su ne lokutan yawonsu. Sai dai kakarka, in Musulma ce, aljanu take nufi, waɗanda Alƙur'ani ya tabbatar da samuwarsu, kuma hana yara fita da almuru yana da madogara a hadisi. Ba ta kai wa tsamiyar kaza, kauce mata kawai take yi, kamar yadda take yin bisimilla kafin ta zubar da ruwan zafi a tsakar gida. Idan Allah ya sa tana raye, ka zauna da ita ka tambaye ta ko kowace tsamiya take nufi ko wata guda ɗaya, domin a yawancin garuruwa tsofaffi suna iya nuna maka takamaimiyar itaciyar, su gaya maka sunan wadda ake cewa tana zaune a cikinta, da gidan da a dā yake da alhakin kai mata nono.